Merlin Olsen: Ƙaton filin wasa da ya koma mai sharhi a talabijin

A ranar 11 ga watan Maris na shekarar 2010 ne Merlin Olsen ya mutu a wani asibiti da ke garin Duarte, a jihar California ta Amurka, yana da shekara 69 a duniya.

Amurkawa sun san shi ta fuskoki uku. Dattawa sun san shi a matsayin ƙaton ɗan wasan da ya shafe shekara 15 yana tsaye a sahun gaba na ƙungiyar Los Angeles Rams. Na bayansu sun san muryarsa a gidan talabijin na NBC, inda ya riƙa fayyace musu abin da ke gudana a fili. Yara da iyaye mata kuwa sun san shi a matsayin manomi mai gemu da sanyin hali a wani wasan kwaikwayo na talabijin.

Wasan da ya yi suna a cikinsa yana daga cikin masu saurin nakasa mutum, amma ya fita daga cikinsa da ƙafafunsa. Cutar da ta yi ajalinsa daga wani wuri dabam ta fito.

Aikin da ido ba ya kai wa gare shi

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne wanda aka sani a Sakkwato ko Kano ba. Ya fi kama da wasan zari-ruga, domin ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kuma galibi da hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa wani.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ciyar da ita gaba da yadi goma, idan ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa.

Kafin kowane yunƙuri, sai ƙarti su jeru sahu biyu, su durƙusa suna fuskantar juna. A ɓangaren masu kai hari mutum biyar ne, kuma aikinsu shi ne su kare madugun ƙungiya mai jefa ƙwallo, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. A ɓangaren masu tsaro yawanci mutum huɗu ne, waɗanda ke neman keta wancan sahu su cafke mai ƙwallo. Da zarar an motsa ƙwallo sai a gwabza, kuma kowane sahu yakan yi irin wannan karo kimanin sau sittin kafin a tashi wasa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa a Sabon Birni ko Isa bayan an kawar da amfanin gona, ko ya tsallaka Maraɗi kallon 'yan kokawar Nijar, ba zai sha wahalar gane abin da ke faruwa a wannan sahu ba. Ba lallai ne wanda ya fi nauyi ya yi kaye ba. Wanda ya fi yin ƙasa, ya riga kama wuri mai kyau, ya kuma karanta ƙafar abokin karawarsa, shi ke da rana.

Bambancin shi ne ɗan kokawa yana da 'yan kallo, yana da makaɗa da masu yi masa kirari. Ɗan sahun gaba a Amurka kuwa idon jama'a da na kyamara duk suna bin ƙwallo ne, shi kuma yana can cikin turmutsutsu. A zamanin Olsen ko lissafin sau nawa mai tsaro ya kayar da madugun abokan karawa ba a yi a hukumance. Sai a 1982 hukumar gasar ta NFL ta fara rubuta wannan, shekara shida bayan ya bar wasa.

Ɗan garin Logan

An haifi Merlin Jay Olsen ranar 15 ga watan Satumba na 1940 a Logan, wani ƙaramin gari na manoma da makiyaya da ke cikin kwari a arewacin jihar Utah. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya tara, kuma babba a cikin maza. Iyayensa mabiya ɗariƙar Mormon ne, wadda ta fi rinjaye a jihar.

Bai yi nisa da gida ba wajen neman ilimi. Ya shiga Jami'ar Jihar Utah da ke garin nasu, wadda aka kafa a 1888 a matsayin kwalejin aikin gona. A can ne jikinsa ya cika, har tsawonsa ya kai kusan mita biyu, nauyinsa kuma daga baya ya zarce kilo 120.

A ƙarƙashin mai horarwa John Ralston, ƙungiyar jami'ar ta yi shekaru biyu na tashe, 1960 da 1961, kuma Olsen ne ginshiƙin sahunta. A 1961 aka ba shi kyautar Outland, wadda ake bai wa ɗan sahun gaba da ya fi kowa a dukkan jami'o'in Amurka.

Bai bar wasa ya cinye masa karatu ba. Ya kammala digirinsa na farko a fannin harkokin kuɗi a 1962 da sakamako mai daraja, sannan a 1971, lokacin da yake tsakiyar ganiyarsa a fili, ya sami digiri na biyu a fannin tattalin arziki daga wannan jami'a. Ba kasafai ake samun haka ba a tsakanin ƙwararrun 'yan wasa, a da ko a yanzu.

A lokacin da ya gama jami'a, gasa biyu ne ke gogayya da juna wajen ɗaukar matasan 'yan wasa. Ƙungiyar Denver Broncos ta sabuwar gasar AFL ta zaɓe shi, haka ma Rams ta tsohuwar gasar NFL, wadda ta ɗauke shi a matsayin mutum na uku a zaɓen shekarar baki ɗaya. Ya zaɓi Los Angeles, kuma bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba bayanta.

Huɗu masu ban tsoro

Ya tarar da ƙungiyar a cikin wani mawuyacin hali. A kakarsa ta farko, 1962, wasa ɗaya tak Rams ta ci cikin 14. Duk da haka an zaɓe shi cikin gwanayen shekara da ke buga wasan Pro Bowl.

A shekarar da ta biyo baya ne aka kawo Rosey Grier daga New York, sahun tsaron ƙungiyar ya cika mutum huɗu: Olsen da Grier a tsakiya, Deacon Jones da Lamar Lundy a gefe da gefe. 'Yan jarida suka laƙaba musu sunan da ke nufin huɗu masu ban tsoro, kuma har yau idan ana lissafin sahun tsaro mafi ƙarfi a tarihin wasan, sai an ambace su.

Olsen ne kaɗai farar fata a cikinsu, sauran ukun baƙaƙe ne, a daidai shekarun da Amurka ke fama da tarzomar neman 'yancin baƙar fata, ciki har da wadda ta ɓarke a unguwar Watts ta Los Angeles a 1965. Abotarsu ta ɗore har bayan wasa. Shi Grier ɗin ma ya shiga tarihi ta wata hanyar, domin yana cikin waɗanda suka danne mutumin da ya harbe Sanata Robert Kennedy a wani otal na birnin a 1968.

Abin da ya fi jan hankalin masana wasan shi ne yadda Olsen da Jones suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa a ɓangaren hagu har tsawon shekara goma. Jones mutum ne mai zafin nama da son magana, wanda yakan zabura ya nufi madugu ba tare da waiwaye ba. Shi ne ya shahara da marin kwalkwalin abokin karawa don ya rikita shi, dabarar da aka haramta daga baya. Amma duk lokacin da ya zabura haka yakan bar giɓi a bayansa, kuma Olsen ne ke toshe wannan giɓi. Sau da yawa mutum biyu ake sa wa su tare Olsen, wanda hakan ke nufin wani daga cikin abokansa ya sami sarari.

Jones ya fi samun tafi, kuma ya cancanta. Sai dai da wuya ya yi abin da ya yi ba don akwai mai tsare masa gida ba.

An san Olsen da nazarin abokan karawa kafin wasa: yadda mutum ke dafa hannunsa a ƙasa idan zai yi gaba, da yadda yake sassauta shi idan zai ja da baya. Ba a san shi da faɗa ko mugunta a fili ba, abin da ba a cika samu ba a wurin da yake tsayawa.

Alƙalumansa sun isa shaida. Ya buga wasa 208 na gasa, 198 na ƙarshe a jere ba tare da fashi ba. An zaɓe shi zuwa Pro Bowl sau 14 a jere, daga 1962 zuwa 1975, tarihin da ya daɗe ba a kamo ba, kuma sai Tom Brady ne ya zarce shi da 15. A 1974, yana da shekara 34, aka ba shi kyautar Bert Bell ta gwarzon ɗan wasan shekara, wadda galibi masu jefa ƙwallo da masu gudu da ita ke lashewa. Ƙannensa biyu, Phil da Orrin, su ma sun buga gasar, har Phil ya yi shekara huɗu tare da shi a Rams.

Ta leƙo ta koma

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato kofi.

A 1967, ƙarƙashin mai horarwa George Allen, sau ɗaya kawai aka doke Rams a duk kakar, amma da aka zo zagayen sili-ɗaya-ƙwale sai Green Bay ta fitar da ita da ci 28 da 7. A 1969 Minnesota ce ta yi waje da ita da ci 23 da 20.

Shekarunsa uku na ƙarshe sun fi ciwo. A kowace daga cikinsu Rams ta kai wasan da idan ta ci za ta je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, kuma a kowace ta faɗi: a hannun Minnesota da ci 14 da 10 a kakar 1974, a hannun Dallas da ci 37 da 7 a kakar 1975, sannan Minnesota ta sake doke ta da ci 24 da 13 a watan Disamba na 1976.

Wannan wasa da aka yi cikin tsananin sanyin Minnesota shi ne na ƙarshe a gare shi. Ya yi ritaya yana da shekara 36. Shekara uku bayan tafiyarsa Rams ta kai Super Bowl a karon farko. A 1982, shekarar farko da ya cancanta, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio, kuma ƙungiyar ta jingine lambarsa ta 74, ba a sake bai wa kowa ita ba.

A ɗakin sharhi

A tsarin watsa wasanni na Amurka mutum biyu ne ke zama a gaban makirufo. Ɗaya yana faɗin abin da ke faruwa, ɗayan kuma, wanda yawanci tsohon ɗan wasa ne ko mai horarwa, yana bayyana dalilin da ya sa ya faru. Da yake wasan yana tsayawa bayan kowane yunƙuri, mai sharhi yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya yi bayani a kan hoton da aka maimaito kafin a ci gaba.

NBC ta ɗauki Olsen a 1977. Ba a jima ba aka haɗa shi da Dick Enberg, kuma su biyun suka zama manyan muryoyin tashar a wannan wasa har kusan shekara goma. Su ne kuma suka riƙa gabatar da wasan Rose Bowl na jami'o'i da ake yi a farkon kowace shekara.

Super Bowl ɗin da bai taɓa zuwa da kwalkwali ba, sai ga shi ya je sau biyar da makirufo, a 1979 da 1981 da 1983 da 1986 da kuma 1989. Na 1986, wanda Chicago ta lallasa New England da ci 46 da 10, mutum fiye da miliyan 90 ne suka kalle shi a Amurka. Na 1989 kuwa shi ne wanda Joe Montana ya jagoranci San Francisco ta ƙwace wasa daga hannun Cincinnati saura daƙiƙa 34 a tashi.

Zamani ne na masu sharhi masu amo. Howard Cosell na tashar ABC ya yi suna da kaifin harshe. John Madden na CBS, wanda shi ma tsohon ɗan sahun gaba ne kafin ya zama mai horarwa, ya shahara da ɗaga murya da zane-zane a kan allon talabijin. Olsen bai bi ɗaya daga cikinsu ba. Muryarsa a kwance take, yana zuwa da shirinsa, kuma idan ɗan wasa ya yi kuskure yakan nuna kuskuren ba tare da ya muzanta mutumin ba.

Gudummawarsa mafi girma ita ce karkatar da idon mai kallo daga kan ƙwallo. Idan mai gudu ya keta ya yi yadi ashirin jama'a suna sowa, sai Olsen ya mai da su baya ya nuna musu wanda ya ture mutum biyu ya buɗe hanyar, ya kuma faɗi sunansa. A ƙasar Hausa makaɗan maza irin su Ɗan Anace ne suka kai sunan Shago inda damben nasa bai je ba. 'Yan sahun gaba na Amurka ba su da makaɗi, sai irin su Olsen da Madden suka zame musu.

Salon nasa yana da nasa rauni. Talabijin kasuwa ce, kuma mai sanyin baki ba ya jan magana a gari kamar mai zafi. A 1989 NBC ta ba da kujerarsa ga Bill Walsh, wanda ya bar horar da San Francisco bayan ya ci kofi uku, aka mai da Olsen sahu na biyu. Ya koma CBS ya yi kakar 1990 da ta 1991 tare da Dick Stockton, daga nan ya ajiye makirufo.

Hanyar da irinsu suka share ta zama babbar hanya. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya ci Super Bowl sau biyu yana sahun tsaron New York Giants, shi ma sharhi ya koma yi a talabijin a Birtaniya bayan ya bar wasa.

Manomin talabijin

A shekarar da ya fara sharhi ne kuma ya shiga wasan kwaikwayon Little House on the Prairie, wanda ke ba da labarin wani iyali na manoma a Amurka ta ƙarni na 19, aka kuma nuna shi a ƙasashe da dama. Ya fito a matsayin Jonathan Garvey, maƙwabci kuma aminin mai gidan, daga 1977 zuwa 1981.

Jagoran shirin, Michael Landon, ya ƙirƙira masa nasa shirin mai suna Father Murphy, inda ya fito a matsayin wani mutum da ya yi shigar limamin coci domin ya ceci marayu daga hannun hukuma. An nuna shi daga 1981 zuwa 1983. Ya kuma daɗe yana yi wa kamfanin furanni na FTD talla, kuma abin da ya sa tallar ta karɓu shi ne ganin ƙato irinsa riƙe da fure. Ya yi amfani da sunansa wajen tara wa asibitocin yara kuɗi.

Ƙurar da ta jira shekaru

Yawancin abin da ake faɗa a kan makomar 'yan sahun gaba ya shafi ƙwaƙwalwa ne. A 2002 wani likita ɗan asalin Najeriya, Bennet Omalu, ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan sahun hari na Pittsburgh da ya mutu yana da shekara 50, ya gano lalacewar ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da yawan karo da kai. Binciken ya tayar da ƙura, har dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai hukumar NFL kotu.

Olsen ba ta nan ajalinsa ya zo ba. A 2009 likitoci suka gano yana ɗauke da mesothelioma, wani nau'in ciwon daji da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki. Kusan ko da yaushe asalinsa shi ne shaƙar ƙurar asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ba ya cin wuta, wanda aka daɗe ana cuɗa shi cikin siminti da kwanon rufi da silin da bututu. Muguntar cutar ita ce takan yi shekara 20 zuwa 50 a ɓoye kafin ta bayyana, kuma idan ta bayyana ba kasafai magani ke cin ta ba.

A ƙarshen shekarar ya shigar da ƙara a wata kotu a Los Angeles a kan kamfanoni da dama. A cikin ƙarar ya ce ya fara cuɗanya da kayan da ke ɗauke da asbestos tun yana yaro, lokacin da yake aikin ƙarfi a hutun makaranta, kuma hakan ya ci gaba a wasu wuraren da ya yi aiki daga baya. Bai ga ƙarshen shari'ar ba. Iyalinsa ne suka ci gaba da ita, kuma a 2011 suka sasanta da wasu daga cikin kamfanonin.

Batun bai tsaya a Amurka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dukkan nau'o'in asbestos suna haddasa ciwon daji. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, sannan a 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana nau'in da ya rage ana amfani da shi a can. A Najeriya an yi shekaru ana rufe makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da kwano da silin na asbestos, kuma da yawansu suna nan. Haɗarin ya fi yawa ne idan kayan sun tsufa sun fara marmashewa, ko kuma a lokacin da magini ko kafinta ke yanka su ko fasa su ba tare da ya rufe hanci ba.

A watan Disamba na 2009 jami'arsa ta gayyace shi gida Logan, ta sanar a gaban dubban 'yan kallo cewa filin ƙwallonta zai riƙa amsa sunansa. Ya halarta, duk da cewa jinya ta riga ta rage masa jiki. Bayan wata uku ya mutu, ya bar matarsa da suka yi aure tun 1962 da 'ya'ya uku.

Daga baya a cikin 2010 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin. A 2019, lokacin da gasar NFL ke bikin kakarta ta 100, an sanya sunansa cikin 'yan wasa 100 da suka fi fice a tarihinta, tare da na Deacon Jones, wanda ya mutu a 2013.